Hayaƙin Balad da Huhun Tsofaffin Sojojin Amurka

A sansanin sojojin Amurka na Balad, arewa da Bagadaza, akwai wani makeken rami mai faɗin kimanin eka 10 da wuta ba ta mutuwa a cikinsa, dare da rana, a shekarun yaƙin Iraƙi. Nan ake jibge duk sharar sansanin: robobi, tayoyi, batura, gwangwanayen fenti, tarkacen asibiti. A kwarara musu man jirgin sama, a cinna wuta. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, iska ta kwashe shi zuwa inda sojoji ke kwana. Irin waɗannan ramuka sun yi yawa a Iraƙi da Afganistan, har aka ƙiyasta cewa sojoji kusan miliyan 3.5 na iya kasancewa sun shaƙi hayaƙinsu.

Da aka dawo gida sai koke ya fara. Matashin da ke gudun mil biyu ba tare da ya ji a jikinsa ba, yanzu hawan bene ma sai ya tsaya yana haki. Ya je asibiti, a ɗauki hoton ƙirji, a ce lafiya lau. A gwada ƙarfin numfashinsa, shi ma kusan daidai. Sai da wani likitan huhu a Jami'ar Vanderbilt, Dakta Robert Miller, ya sa aka yanko ɗan tsokar huhun wasunsu aka duba da madubin likita, sannan aka ga abin da hoto ya kasa nunawa: ƙananan hanyoyin iska sun yi tabo sun tsuke. Cikin sojoji 49 da aka yi wa wannan gwaji, 38 na da ciwon, kamar yadda aka wallafa a 2011. Da yawansu sun shaƙi hayaƙin gobarar mahaƙar farar wuta ta Mishraƙ da ke Iraƙi a 2003, wasu kuwa ba su je kusa da ita ba.

To, hayaƙin ramukan ne ya jawo? A nan gizo ke saƙar. Ciwon daji kan ɗauki shekaru kafin ya bayyana. Sojan da ya shaƙi hayaƙi ya kuma sha ƙurar hamada, wataƙila yana busa sigari, kuma babu wanda ya auna abin da kowannensu ya shaƙa. Shi ya sa a 2011 Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta ce hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci ba. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta fake da wannan, ta yi watsi da fiye da kashi 70 cikin ɗari na masu neman diyya. A ganina wannan rashin adalci ne. Rundunar da ta ƙona sharar ita ce ba ta ajiye cikakken bayani ba, sannan aka ce mara lafiya ya kawo shaida.

A ranar 10 ga Agustan 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar PACT, wadda ke ɗauke da sunan Saje Heath Robinson, da kansar huhu ta kashe a 2020. Shi kansa Biden ya sha faɗin cewa yana zargin ramukan da hannu a kansar ƙwaƙwalwar da ta kashe ɗansa Beau, wanda ya yi aikin soja a Iraƙi, a 2015, ko da yake ya amince ba shi da tabbaci. Dokar ba ta warware gardamar masana ba. Abin da ta yi shi ne ta jera cututtuka sama da 20, ta ce duk wanda ya yi aiki a wuraren nan ya kamu da ɗayansu, a ɗauka daga can ya samo, ba sai ya tabbatar ba.

An taɓa bin wannan hanyar. Daga 1962 zuwa 1971 Amurka ta fesa kusan galan miliyan 20 na magungunan kashe ciyayi a Biyetnam, akasarinsu Agent Orange mai ɗauke da gubar dayoksin. Sai 1991 aka yi wa sojojinta doka irin wannan, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Mutanen Biyetnam da aka fesa wa maganin a gonakinsu kuwa sun kai kamfanonin da suka haɗa shi ƙara a New York, kotu ta kori ƙarar a 2005, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi saurarensu a 2009.