Zaɓen Ɗigon Hoto Bisa Ga Ƙarfin Haske: Misali Daga Ƙofar 'Yandaka

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana wata dabara ta gyaran hoto a kwamfuta, watau ware ɗige-ɗigen hoto gwargwadon haskensu. Mun ɗauko misalinmu daga Ƙofar 'Yandaka ta birnin Katsina, wadda ta nan ne Gwamna Lugga ya shiga garin a 1903, domin hoton irin wannan wuri shaida ce ta tarihi.

Ma'aunin Haske

Hoton kwamfuta taron ƙananan ɗige-ɗige ne da ake kira fiksel. Galibi hasken kowane ɗigo yana da lamba, daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. In hoton mai launi ne, akan fitar da lambar daga ja da kore da shuɗi, amma ba daidai wa daida ba. A sanannen lissafi, kore ke da kusan kashi 59 cikin ɗari, ja 30, shuɗi 11, saboda ido ya fi ganin hasken kore.

Yadda Ake Zaɓen

Wanda ya ɗauki hoton ƙofar da tsakar rana zai tarar sama ta yi fari, ƙarƙashin ƙofa kuwa ya yi duhu. In ya ƙara wa hoton haske gaba ɗaya, inuwa za ta buɗe, amma sama da farfajiya su ƙone. Maganin haka shi ne ya umarci manhaja, kamar Photoshop, ta zaɓi ɗige-ɗigen da ke tsakanin 0 da 60, alal misali, ya haskaka su kaɗai. Wajibi ne ya sassauta iyakar zaɓen, yadda ɗigon da ke da 65 zai sami rabin gyara, in ba haka ba sai layi ya fito a jikin bango inda babu tsaga. Tun 1979 Nobuyuki Otsu na Japan ya fito da hanyar da kwamfuta ke tsayar da iyaka tsakanin haske da duhu da kanta.

Iyakar Dabarar

Na farko, kwamfuta lamba take gani, ba ta san abu ba: farar rigar mai wucewa da farin gajimare duk ɗaya ne a gare ta, sai an cire ɗaya da hannu. Na biyu, wurin da ya kai 0 ko 255 ba ya ɗauke da komai. Duk abin da ya bayyana a nan bayan gyara, ƙari ne.

Kammalawa

Saboda haka muna ba masu adana hotunan tarihi shawara su ajiye hoton asali ba tare da taɓawa ba, su yi gyara a kan kwafi, su kuma rubuta lambobin da suka zaɓa, domin manazarcin gobe ya bambance abin da kyamara ta ɗauka da abin da hannu ya ƙara.