Matse hoto a kan shafi ba ya rage masa nauyi

Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata ko na rajistar makaranta, ƙorafi ɗaya ne ke cika gari: shafin ya ƙi karɓar hoto, wai ya yi nauyi. Har akwai masu cewa da gangan ake yi don masu shagon kwamfuta su samu na cefane. Zargin ba shi da madafa, amma kuskuren da ya haife shi ya fi ƙarfin ɗalibai, domin har a manyan ofisoshi ana tafka shi. Sakatare zai zuba hotunan taro goma cikin rahoto a Word, ya kama kusurwar kowanne da linzami ya ja har ya koma kamar fasfo, sannan ya riƙe baki ganin takardar ta haura megabait 25 da Gmail ke yarda a maƙala wa wasiƙa. Abin da ya rage shi ne filin da hoton ya ci a kan shafi. Wanda ya ninke bargo ya cusa shi cikin ƙaramar jaka bai rage masa ko zare ɗaya ba, kuma kafaɗarsa za ta gaya masa haka.

Nauyin hoto daga yawan ɗigon da ya haɗa shi yake fitowa. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye, wato ɗigo miliyan 12, kowanne da bayanin launinsa. Masu ɗab'i kuwa sun daɗe da amincewa cewa ɗigo 300 a kowane inci sun wadatar ga abin da za a riƙe a hannu a duba. A wannan ma'auni, hoton fasfo mai milimita 35 da 45 ɗigo 413 da 531 kawai yake buƙata, kimanin dubu 220 ke nan. Hoton wayar ya ninka haka fiye da sau 50. Ko cikakken shafin A4, daga baki zuwa baki, bai kai ɗigo miliyan 9 ba. Saboda haka rarar da ake ɗorawa cikin rahoto ba ta zuwa idon kowa. Firinta ba za ta iya fito da ita ba, sai dai ta cinye data, ta kuma sa tsohuwar kwamfutar ofis jan ƙafa.

Masu ja da wannan sukan ce sun taɓa rage hoto ya fito dishi-dishi, fuska ta dagule, rubutun takardar shaida ya ƙi karantuwa. Gaskiya suka faɗa, sai dai sun ɗora laifin inda ba nan yake ba. Tsarin adana hoto na JPEG, wanda aka tsayar a 1992, yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da bayanan da ido ba ya saurin lura da su, kuma abin da ya zubar ya tafi ke nan. Duk sanda aka gyara hoto aka sake adana shi, sai ya ƙara zubar da wani abu. To, a duba hanyar da hoton mai neman aiki ke bi: an ɗauka a waya, an tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp, wadda ke matse shi idan ba a matsayin takarda aka tura ba, ɗan'uwan ya ɗauki hoton allonsa, mai shago ya sake matsewa, wani lokaci ma ya ja gefe ɗaya kaɗai har fuska ta yi faɗi kamar ba ta mai ita ba. Ragewa sau ɗaya daga hoton asali, tare da kulle tsawo da faɗi su sauka tare, ba ta yin wannan ɓarna. Shi ya sa kwafi ake ragewa a ajiye na asalin, don ƙaramin hoto ba ya komawa babba. Miƙa shi kawai za a yi.

Akwai kuma abin da ya fi nauyi haɗari. Idan aka yanke gefen hoto a cikin Word, ɓangaren da aka yanke ɓoyewa yake yi, yana nan cikin takardar har sai an yi amfani da umarnin matse hotuna an zaɓi a goge shi. Jami'in da ya yanke lambar asusu ko fuskar wani daga hoto ya tura rahoton haka, duk wanda ya karɓa zai iya jan gefen ya gani.

Hukumomi na da hujjar sa iyaka, don shafin da dubban mutane ke shiga a rana ɗaya ba zai ɗauki megabait biyar daga kowa ba. Abin da ba su da hujja a kai shi ne rubuta adadin kilobait da jan rubutu su yi shiru, ba tare da faɗin ɗigo nawa suke so a tsaye da kwance ba, alhali da adadin ɗigon ne mutum zai buɗe manhajar Paint ya gama aikin cikin minti ɗaya. Facebook da WhatsApp su da kansu suke rage hoton da aka ɗora musu, kuma babu abin da ya hana wanda aka ba kwangilar gina shafin gwamnati yin haka.