Annoba Ba Ta Tambayar Addini: Jan Hankali Ga Mazauna Zango

A watan Agusta na 2014 wani ɗan Gana mai suna George Combey ya rasu a Monrovia, babban birnin Laberiya. Yana aikin jinya ne a asibitin Katolika na St Joseph, a nan ya kamu da Ebola. A cikin watan Agustan cutar ta kashe shugaban asibitin, Patrick Nshamdze ɗan Kamaru, da Fada Miguel Pajares ɗan Sifaniya. A asibitin mishan na ELWA da ke birnin kuma, likita Kent Brantly na ƙungiyar Samaritan's Purse ya kamu, da ƙyar ya sha. Waɗannan mutane sun tsaya kan marasa lafiya a lokacin da ɗan'uwa ke gudun ɗan'uwa.

Daga 2014 zuwa 2016 Ebola ta kama mutum fiye da 28,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, ta kashe sama da 11,000. Allah Ya tsare Gana, har ma a Akra Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hedikwatar yaƙi da cutar. Amma muna can muna leƙen gidan maƙwabta, namu ya kama. A shekarar 2014 ɗin kwalara ta kwantar da mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 240, kuma yankin Akra ne ya fi jin jiki. A watan Oktoba na 2024 ta sake ɓullowa daga Ada. Duk wanda ya san babbar kwatar da ta ratsa Nima da Maamobi, ya san layin banɗakin haya da asuba, ya san gidan da iyali goma ke ɗiban ruwa a famfo ɗaya, ba sai an gaya masa unguwannin da irin wannan cuta ta fi so ba.

Abin da ya faru a Saliyo lokacin Ebola shi ya fi dacewa mu yi nazari, domin mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Gawar mai Ebola ta fi mai rai yaɗa cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla kashi 20 cikin ɗari na sababbin kamuwa daga wajen jana'iza suke fitowa. Da farko ma'aikata kan zo su saka mamaci a leda su tafi da shi, ba sallah ba likkafani. Mutane suka fara ɓoye marasa lafiya, suna yi wa gawa wanka cikin dare, cuta kuwa sai ƙara bazuwa take. Da aka gane kuskuren, a watan Nuwamba na 2014 Hukumar ta fitar da sabon tsarin binne gawa cikin mutunci, bayan shawara da ƙungiyoyin addini irin su Caritas da World Vision da Islamic Relief. Aka yarda a yi wa Musulmi taimama a madadin wanka, a sa masa farin likkafani, dangi su tsaya daga nesa a yi masa sallah. Ƙungiyoyin Kirista na World Vision da Catholic Relief Services da CAFOD suka ɗauki nauyin ayarin masu binnewa, aka zaunar da limamai da fastoci aka horar da su tare. Da liman ya hau mumbari ya yi bayani, sai jama'a suka fara kai rahoto da kansu.

Mu ma a nan ba baƙin wannan hidima ba ne. Tun 1967 asibitocin coci-coci suka haɗu a ƙarƙashin ƙungiyar CHAG, suna aiki tare da Ma'aikatar Lafiya, musamman a karkara. A lokacin korona, a 2020, Cocin Pentecost ta ba gwamnati babban zaurenta na Gomoa Fetteh aka killace masu cutar. 'Yan'uwanmu da suka fito daga Nijar sun san asibitin Galmi, wanda mishan SIM ta buɗe a 1950, kuma akasarin masu zuwa can Musulmi ne. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya nuna mana hanyar zaman tare ranar da ya ziyarci cocin Christ the King a 2019, yana cika shekara 100.

To, idan annoba ta shigo masu agaji suka zo ƙofar gida, me ya kamata mu yi?

Na farko, kada a kori ma'aikacin lafiya don an ga gicciye a jikin motarsa. Jita-jitar cewa allurar rigakafi ko maganin tace ruwa makirci ne ta jawo asarar rayuka a wurare da dama. Wanda ya turo maka irin wannan saƙo a WhatsApp ba zai zo ya yi jinyar ɗanka ba.

Na biyu, a bincika. Ƙungiyar gaskiya takan biyo ta ofishin lafiya na gunduma, ta gaida sarkin zango da liman, ma'aikatanta na ɗauke da katin shaida. Ba ta karɓar ko sidi ɗaya a kan kayan agaji, ba ta neman lambar sirrin kuɗin wayarka, ba ta gindaya maka sharaɗin sauya addini. Wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, a kai ƙararsa wurin shugabannin unguwa.

Na uku, a san alamun kwalara: gudawa mai yawa kamar ruwan wankin shinkafa, sau da yawa da amai, idanu su faɗa. Tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Idan babu na fakiti, a samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali. Yana sha ana tafiya da shi asibiti: Maamobi ga mutanen Nima, Korle Bu ga na Sabon Zango, ko duk wanda ya fi kusa. Lambar gaggawa ita ce 112.

Na huɗu, gawar mai kwalara ma tana yaɗa cuta. A bar ma'aikata su shirya ta tare da liman, a taƙaita cin abinci a zaman makoki. Malamanmu sun daɗe da karantar da cewa kare rai yana gaba, kuma ba a shiga ko fita daga garin da annoba ta sauka.

Sauran aikin namu ne, babu ƙungiyar da za ta yi mana. Alwala ba ta maye gurbin sabulu bayan fitowa daga banɗaki. Mai waake da mai koko su rufe abinci, su sayar da zafinsa. A daina juye shara a kwata da zarar hadari ya haɗu, don ita ce ke dawowa cikin ɗakunanmu. Limamai su ware minti biyar a huɗubar Juma'a kafin damina, iyaye mata su ɗauko zancen a wajen suna da biki, samarin unguwa su fito gyaran magudanan ruwa. Mu sabunta katin inshorar lafiya tun muna da lafiya, kuma duk wanda ya kawo mana taimako na gaskiya mu karɓa, mu ce masa mun gode.