FITILA A MOTAR KAYA BAYAN AN KASHE INJI

Duk mai cin kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma ya san lodi ba ya ƙarewa sai duhu ya shiga. Dillali na son haske ya ƙirga buhuna, mai kaya na son cajin waya, mai talla kuma na son lasifikarsa ta yi ta magana. Barin inji na aiki don waɗannan kuwa ƙona mai ne a banza. Shi ya sa masu Hiace da J5 ke zuwa wurin mai wayarin ya ja musu wuta mai aiki ko makulli na aljihu.

To, ga yadda abin yake. Wutar mota kashi biyu ce: akwai wadda ba ta zuwa sai an murɗa makulli, akwai kuma mai zuwa kai tsaye daga batir dare da rana. Daga ta biyun ake jawo wa makunnan fitila da soket. Amma fa a kula, kada a yarda ya feɗe wata waya a ƙarƙashin sitiyari ya ɗaure kawai. Ya ja sabuwar waya mai kauri daga kan batir mai alamar +, ya sa mata fis nan kusa, kada ya wuce taƙi ɗaya. Dalili kuwa shi ne, ranar da ƙarfe ya cinye robar waya, fis ne zai tsinke. In babu shi wayar ce za ta yi ja, ga buhuna, ga jarkar fetur. Wanda ya maye fis da zaren waya ya sayi gobara da kuɗinsa.

Sai lissafi, tun da mu 'yan kasuwa ne. Batir mai lamba 60Ah kamar jari ne, rabi kaɗai ake taɓawa, watau 30. Ƙwan babbar fitila mai wat 55 na jan amfiya kusan 5, cikin awa 6 ya cinye rabin nan. Ƙwan LED mai wat 10 bai kai amfiya 1 ba, zai kwana yana ci lafiya lau. Cikakken batir na nuna bolt 12.6 a mita; in ya sauka 12.2 rabi ya tafi, a kashe komai.

Mai lasifika ko firjin sanyaya ruwa, gara ya ajiye batir na biyu, a haɗa shi ta rile mai raba su da zarar inji ya mutu. Ko na talla ya ƙare, na tayar da mota na nan.

Wanda ya ɗauko tumatir daga lambunan Zobe zai bi ta Kurfi zuwa Katsina, in motarsa ta ƙi tashi da asuba, kafin a sami masu turi rana ta daki kwanduna, farashi ya karye. Kuɗin fis bai kai na kwando ɗaya ba. A tambayi mai wayarin ya nuna inda ya sa shi kafin a biya shi.