Mai Keke a Gella da Jirgin da Bai Zo Ba

Da sassafe, kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Mandara, za ka ga manomin Gella ya ɗaure buhun gyaɗa a kariyar kekensa ya nufi Mubi. Keken nan shi ne jakinsa, shi ne motarsa. Ba ya shan fetur, in taya ta sace mai faci na bakin hanya. Amma iyakarsa kasuwa. In tafiyar ta Kano ce, sai ya jingine shi a zaure ya nemi kuɗin mota.

A wasu ƙasashe keke na wuce nan. A Holan mutum kan tuƙa kekensa zuwa tashar jirgin ƙasa, ya yankar masa tikiti, ya shiga da shi tarago, in ya sauka ya hau abinsa ya ƙarasa. Tashar birnin Utrecht kaɗai tana da ma'ajiyar kekuna mai ɗaukar 12,500. Dalilin a bayyane yake: jirgi na cin doguwar tafiya amma ba ya kai kowa ƙofar gida, keke kuwa shi ke shiga lungu da gona.

Mu a Adamawa ko taku ɗaya na layin dogo ba mu da shi. Jirgi ya iso Kano tun 1911. Layin da ya bi ta Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964, ya bar mu a gefe, shi ɗin ma yau ciyawa ta rufe shi a wurare da dama. A Kamaru, maƙwabtanmu na bayan dutse, jirgi ya kai Ngaoundere tun 1974. Shanun kasuwar Mubi kuwa, waɗanda ake ci har kudancin ƙasar nan, a tirela suke tafiya kwana da kwanaki.

A 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri. Wakilanmu a majalisa su dage sai an ja reshe zuwa Yola da Mubi. Ranar da za a zana tashar, a tuna da wanda zai hau jirgin: talaka ne mai keke. A ware masa tarago na kekuna a farashin da zai iya biya, a kuma yi masa rumfar ajiya mai maigadi a bakin tasha.