Ko Kun Sani? Wasan Takobin da Ya Tashi da Labarin Soyayya

Ko kun san cewa shirin talabijin na Koriya ta Kudu mai suna Twenty-Five Twenty-One, wanda tashar tvN ta nuna kashi 16 a 2022, an gina shi ne a kan karayar tattalin arzikin da ta girgiza ƙasar a ƙarshen 1997?

Labarin ya soma a 1998. Na Hee-do, 'yar sakandare mai wasan takobi, ta wayi gari makarantarta ta rushe ƙungiyar wasan saboda rashin kuɗi. Shi kuma Baek Yi-jin, ɗan masu hali, kasuwancin mahaifinsa ya durƙushe, ya koma raba jaridu kafin ya zama ɗan jarida.

Gwanintar marubuciyar, Kwon Do-eun, ita ce yadda ta bar halin kowa ya nuna sannu a hankali. Mai kallo yana sanin Hee-do ne ta littafin da take rubuta sirrinta a ciki, wanda 'yarta ta tsinta bayan shekaru. Abokiyar hamayyar Hee-do, Ko Yu-rim, ashe ita ce aminiyar da suke hira ta intanet ba su san juna ba. Daga baya talaucin gidansu ya sa Yu-rim ta karɓi zama 'yar Rasha.

Hee-do da Yi-jin, waɗanda suka faɗa soyayya, sun rabu a ƙarshe, lamarin da ya jawo muhawara tsakanin masu kallo. Kim Tae-ri, wadda ta fito a matsayin Hee-do, ta lashe kyautar Baeksang ta gwarzuwar 'yar wasan talabijin a 2022.