Yadda 'yan kasuwar Yola da Jimeta za su tsara amfani da fasahar zamani

Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000, ya tilasta wa 'yan kasuwa a Yola da Jimeta karɓar kuɗi ta taransifa da na'urar POS. Da yawa sun shiga harkar ba tare da shiri ba.

Tsari mai kyau yana farawa ne da tantance burin kasuwancin kafin a sayi kowace na'ura. Mai sayar da hatsi a Kasuwar Zamani ta Jimeta da ke bayar da kaya bashi, babbar buƙatarsa ita ce manhajar waya da za ta adana lissafin masu bashi. Ɗan kasuwar da ke aika kaya zuwa Mubi ko Jalingo kuwa, ya fi buƙatar WhatsApp domin nuna hajarsa da karɓar oda.

Daga nan sai a duba wutar lantarki da layin sadarwa. Shagon da ya dogara da wutar kamfanin YEDC kaɗai zai tsaya cik duk lokacin da aka ɗauke ta, don haka kuɗin sola ko batir na cikin kasafin. Mazauna Adamawa ba su manta da shekarar 2013 ba, lokacin da aka katse layukan waya na tsawon makonni bayan ayyana dokar ta-ɓaci. Wannan ya sa riƙe layukan kamfanoni biyu da ajiye littafin lissafi na takarda suka zama wajibi.

Ma'aikata su ma suna buƙatar horo. Ya kamata yaron shago ya san cewa ba a sakin kaya bisa saƙon alat kawai, sai an ga kuɗin a cikin asusu. Haka nan a raba asusun kasuwanci da na gida, a kuma taƙaita waɗanda suka san lambar sirri. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa masu tattara bayanan abokan ciniki alhakin tsare su.

Bayan wata uku ko shida, sai a zauna a yi lissafi: shin bashin da ke maƙalewa ya ragu, ciniki ya ƙaru? Idan kuɗin data da cajin banki sun haura ribar da na'urar ta jawo, to lokaci ya yi da za a sake tsarin.